Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan tarurrukanmu na masu jin Hausa a Sudan

Iyayena cikin Ubangiji, fastoci, masu bishara da dattawa da ke kiwon 'yan ƙananan tarurrukanmu a Gadarif, Kasala da Fot Sudan, da ku da kuka fara komawa Madani da Khartum,

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya hidima, yaya iyali da jama'ar Allah? Ubangiji ya ƙara muku lafiya da ƙarfin aiki. Ni 'yarku ce, ɗaya daga cikin matan zumunta. Na san a tarbiyyarmu 'ya ba ta tsayawa gaban iyayenta ta yi musu wa'azi, kuma ba wa'azi na zo yi ba, kuka na kawo. Da a ce muna wuri ɗaya kamar dā, da na durƙusa a gabanku bayan sujada na faɗa muku a keɓe. To yaƙi ya warwatsa mu, babu zauren da zai haɗa ku duka, shi ya sa na rubuta a fili. Ku yi mini haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun daga ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, da aka fara luguden wuta a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF, waɗanda a nan ake ce wa Da'ama, akwai aya ɗaya da ba ta barin bakin masu wa'azinmu. Ita ce Ibraniyawa 12:6, cewa wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo. Na gaskata wannan aya da zuciya ɗaya. Ita ta riƙe ni a daren da ba abin da ya riƙe ni. Amma yadda wasu ke ɗaga ta a kan mutane yana karya waɗanda aka rubuta ta don a miƙar da su, kuma ku ne masu ikon tsawatawa.

Akwai wata uwa a cikinmu, ba zan kama sunanta ba. A Haj Yusuf take da zama kafin yaƙi. Ɗanta ya fita da jarka neman ruwa a makonnin farko, har yau babu shi babu labarinsa, babu gawa babu kabari. Ta gudu zuwa Madani, da Madani ta faɗi a Disamba 2023 ta sake ɗaukar ƙunshinta zuwa Gadarif, aka ba ta kusurwa a wani ajin makaranta tare da wasu iyalai, zane ne kawai ya raba tsakani. A can wani baƙon mai wa'azi ya tsaya a gabanmu ya ce Allah ba ya bugun mutum a banza, duk wanda ya rasa wani abu ya binciki kansa, akwai zunubin da ya jawo. Mutane suka ce amin. Daga ranar wannan uwa ta daina zuwa gaba in ana Jibin Ubangiji. Tana zaune a baya, ta rufe fuska da mayafi, tire ya zo ya wuce ta. Wata rana muna tsince wake ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce, “'Yata, ko don zakkar da na riƙe a shekarar da maigida ya kwanta ciwo ne?” Tsohuwa ce mai sayar da shayi a bakin titi, da kuɗin shayin ta biya wa yaron makaranta. Yanzu kowane dare tana ƙirga laifofinta tana neman wanda ya kai nauyin ɗanta.

Iyayena, wa ya ba mu izinin ɗora mata wannan kaya? Ubangijinmu da kansa an kawo masa irin wannan tambaya. A Luka 13 aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya gauraya jininsu da hadayunsu, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya tambaya ko sun fi sauran mutane zunubi ne, ya amsa da kansa ya ce a'a, sannan ya juya kiran tuba ga waɗanda ke tsaye lafiya suna ba da labari. A Yahaya 9 almajirai suka nemi sanin ko makahon ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne, ba su ba ne. Abokan Ayuba sun shafe surori suna tono masa laifi, maganganunsu kuwa cike da sunan Allah, amma a sura ta 42 Ubangiji ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Ina tsoron kada mu tashi a ranar ƙarshe mu tarar a layin Elifaz muke.

Ku duba ma su wa aka rubuta wa wasiƙar Ibraniyawa. Sura ta 10 ta faɗa mana: mutane ne da aka wulaƙanta a bainar jama'a, aka kulle 'yan'uwansu, aka washe dukiyarsu. Wahalarsu daga hannun mugayen mutane ta fito, kuma marubucin bai ce musu ku nemo zunubin da ya jawo muku ba. Ya ce su dubi Yesu, wanda ya jure gāba daga masu zunubi, shi da ba shi da zunubi ko ɗaya. Daga nan ne ya ce su ɗauki abin da suke sha a matsayin horo, domin Allah yana bi da su kamar 'ya'ya. Wato hujjar zama ɗa yake ba su, a daidai lokacin da komai ke ce musu an yashe su. Mu kuma mun ɗauki ayar muna nuna wa mutane da ita cewa Allah ya juya musu baya. Hukuncin zunubinmu ya riga ya sauka a kan gicciye, Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. In har yaron nan fansar zakka ne, to me Almasihu ya biya?

Akwai wani haɗari kuma. In muka tsaya a kan mumbari muka ce yaƙin nan bulalar Allah ce, muka yi shiru a nan, to wanda ya fasa ƙofa ya ci mutuncin 'yar mutane ya zama ɗan aiken Allah ke nan a kunnen yarinyar. Haram, ba haka ba ne. Ko a Ishaya 10, inda aka kira Assuriya sandan fushin Ubangiji, a surar nan dai aka yi alkawarin hukunta sarkin Assuriya saboda girmankansa da muguntarsa. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa Allah ya nufi abin da alheri, amma sai da ya fara ce musu ku kun nufe ni da mugunta. Waɗanda suka mamaye babban cocin Angilikan na Khartum a farkon yaƙi, da waɗanda suka shiga cocin Mar Girgis na Kibɗawa a Umdurman a watan Mayu 2023 suka harbi masu ibada, da waɗanda suka jefa bam a kasuwanni da masallatai, ko wane kaki suka sa, za su amsa a gaban Allah. Ku faɗi wannan a fili yadda kuke faɗin ɗayan.

Na kuma ji wasunmu, a ɓoye da a sarari, suna cewa Allah ne ke rama wa ikilisiya. Sukan lissafo korar mishan daga Kudu a 1964, dokokin Satumba na Numeiri a 1983, hukuncin kisa da aka yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim a 2014, da majami'un da aka rushe a unguwannin Khartum zamanin Bashir. Duk sun faru, ba mu manta ba. Amma su wa ke mutuwa yau? Yaran sansanin Zamzam da aka tabbatar da yunwa a cikinsa a Agusta 2024, su ne suka sa hannu a wata doka? Matan Fashir da Jinaina, da 'yan'uwanmu na Kadugli da Dilling a duwatsun Nuba, wa suka tsananta wa? Wanda ya zauna yana jin sanyi a ransa don birni na ƙonewa, Yunusa ya zama a gabashin Nineba, kuma mun san tambayar da Allah ya yi masa. Ina roƙonku ku kashe wannan magana tun ba ta yi jijiya a zukatan yaranmu ba.

Su ma masu ɗaya bakin ban bar su ba, ko da yake ba zan daɗe a kansu ba. Ina nufin masu cewa wahala ba rabon ɗan Allah ba ce, a yi kwanan addu'a, a tura kuɗin “iri” ta manhajar banki ta Bankak, kafin wata ya mutu kowa zai koma gidansa. Watanni sun mutu, shekaru sun juya, waɗanda suka ba da kuɗin cefanensu suna nan a tanti, wasu sun daina addu'a gaba ɗaya don sun ɗauka Allah ne ya saɓa alkawari. Ibraniyawa 12:5 ta hana mu abu biyu, raina horon Ubangiji da karaya a ƙarƙashinsa. Mai cewa babu abin da Allah ke koya mana a wannan wuta, a tsallake kawai, raini yake koyarwa.

To in haka ne, ina horon yake? Ni dai ga inda na gan shi, kuma ya fi zafi fiye da abin da baƙon mai wa'azin nan ya faɗa, don bai tsaya a kan gwauruwa mai shayi ba, ya hau kanmu duka, ya fara daga gaba. Bitrus ya ce daga gidan Allah shari'a take farawa.

Yaƙi ya yaye mana zane. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, Kiristoci masu jin Hausa, amma ko a cikin kaɗan ɗin mun iya rabuwa: wannan ɗan Filato ne, wancan ɗan Kudancin Kaduna, waɗancan na Kano da Katsina, su kuma 'yan Nijar. Da motocin kwashe 'yan Najeriya suka tashi zuwa iyakar Masar da Fot Sudan a ƙarshen Afrilu 2023, masu fasfo suka tafi, kuma ban ga laifin kowa ba, rai ne. Amma an bar waɗanda aka haifa a nan, marasa takarda, matan da suka auri 'yan ƙasa, tsofaffin da ba su da kowa a gida, ba tare da an ko rubuta sunayensu an san inda suka nufa ba. Da taimako ya fara zuwa daga ikilisiyoyin gida, sau nawa jerin sunaye ya bi dangi da ɗarika maimakon ya bi yunwa? Kun san amsar fiye da ni. Shekara da shekaru muna aron majami'un 'yan'uwanmu Nuba da 'yan Kudu muna sujada da yamma, amma nawa ne a cikinmu suka taɓa taka gidajensu gaisuwar mutuwa?

Abin da ya fi nauyi a raina shi ne tsakaninmu da Hausawan ƙasar nan, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne. Sun riga mu zuwa da nisa. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa kusa da Sinnar yana nan da sunansa, wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye kakanninsu. A watan Yuli 2022, da rikici ya ɓarke a Rusairis da kewayen Damazin aka kashe mutane sama da 100, aka kori dubban Hausawa daga gidajensu, sannan abin ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, mu me muka yi? Muka ce ba ruwanmu, rigimar ƙasa ce tsakaninsu da maƙwabtansu. Ba mu kai ko kwanon hatsi ba. Shekara ba ta cika ba muka zama mu ne a kan hanya. A wani ƙauye tsakanin Madani da Gadarif, wata Hajiya ta ji muna Hausa a gindin bishiya, ta aiko jikarta ta kira mu. Ta ga gicciye a wuyan ɗiyata, ta gani sarai. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta dama mana kunu, ta sa aka ɗora tukunyar asida, ta ce, “Ku ci, bayin Allah, gida kuka zo.” Da za mu tafi ta ƙulla mana gyaɗa a bakin zane. A takiyoyin unguwa ma, inda samari 'yan sa kai ke dafa adas a manyan tukwane, ban taɓa jin an tambayi mai riƙe da kwano addininsa ba. Iyayena, in kuna neman tsautawar Ubangiji, ga ta nan. Da alherin waɗanda muka ƙi kulawa ya tsauta mana, kuma wannan tsautawa ta fi bulala shiga jiki.

Irin wannan tuba nake roƙon ku jagoranta. Daniyel da Nehemiya, da suka yi addu'a saboda jama'arsu, cewa suka yi “mun yi zunubi”, suka sa kansu a ciki. Ranar da fasto zai tsaya ya ce mun raba taimako da son kai, mun ƙyale maƙwabtanmu, ku gafarta mana, ranar ce jama'a za su gane horo na 'ya'ya ne, don sun ga iyayensu sun sunkuya a ƙarƙashinsa ba su mutu ba.

Sai maganar sabon ƙarfi, wadda ita ce inda Ibraniyawa 12 ta dosa, mu kuwa mukan rufe littafin kafin mu kai. Aya ta 12 da ta 13 sun ce a miƙe hannuwan da suka yi laƙwas da gwiwoyin da suka raunana, a shirya wa ƙafafu hanya madaidaiciya, don abin da ya gurgunce kada ya goce, sai dai ya warke. Jama'a ake wa magana, aikin kowa ne a kan ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa kai yaro wurin maɗori ya san yadda abin yake: ba shi ya karya ƙafar ba, jan da zai yi mata akwai zafi har yaro ya yi ihu, amma yana ja ne don ƙashi ya koma mazauninsa, ya ɗaure da karare, ya ce kada a taka sai ta yi ƙwari. Ba maɗorin da ke dukan karaya yana tambayar yaro me ya kai shi hawa bishiya. Aikin da aka ba ku ke nan.

Ku tuna Iliya a ƙarƙashin itacen nan a jeji, bayan ya gudu daga Yezebel, yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai buɗe masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ce ya ci, ga waina ga tulun ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci, don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka yi maganar gyara. Mutanenmu da yawa a ƙarƙashin itacen nan suke. Wanda ya kwana da yunwa, ya binne ɗa saboda kwalara, ba azumin kwana bakwai yake buƙata a ɗora masa ba. A ciyar da shi, a bar shi ya yi kuka. Littafinmu yana da Makoki, yana da Zabura 13 mai tambayar har yaushe, yana da Zabura 88 da ta ƙare cikin duhu ba tare da an ɗaura mata farin ƙarshe ba. Me ya sa a sujadarmu da mace ta fara hawaye sai a ɗaga waƙar murna a rufe muryarta? Ishaya 40 ya yi alkawarin sabon ƙarfi ga masu jiran Ubangiji, kuma ya ambaci masu tashi kamar gaggafa, da masu gudu, da masu tafiya kawai ba su suma ba. Yawancinmu a na ukun muke, ku gaya mana cewa shi ma alkawari ne cikakke.

Akwai abin da dole in faɗa da sunan mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A cikinmu akwai 'yan mata da matan aure da aka yi wa fin ƙarfi, wasu sun fito da ciki. Na ji ana shawarar ko a sa irin waɗannan a horon ikilisiya, su koma bencin baya, a hana su Jibi har sai sun haihu, wai don kada a buɗe ƙofa. Ina roƙonku da girman Allah kada ku yi. Horon ikilisiya na mai zunubin da ya ƙi tuba ne. Wadda aka sa wa bindiga a ka ba ta da abin tuba a wannan. Ku kira mazajensu da iyayensu ku zauna da su, ku hana saki da kora, ku karɓi jariran a yi musu suna a gaban jama'a kamar kowane ɗa. Ku bar mu matan zumunta mu raka su asibiti ba tare da an yi shela ba. Uwar nan ta Gadarif kuma, kada a aika mata saƙo. Fasto ya taka da ƙafarsa har kusurwarta, ya zauna a tabarmarta, ya ce mata abin da aka faɗa ba daidai ba ne, ya miƙa mata gurasa da ƙoƙo da hannunsa.

Yanzu da sojoji suka karɓe Madani a Janairu 2025 da Khartum a Maris, mutane na komawa, kuma wata jarrabawa na jiransu a bakin ƙofa. Za ka tarar an kwashe gidanka har wayar wuta an zare daga bango, ka ga ƙofarka a gidan maƙwabci, ka ga gadonka a kasuwar kayan sata. Za a riƙa nuna mutane da yatsa ana cewa wane ya yi aiki da Da'ama, alhali wani ruwa kawai ya sayar don 'ya'yansa su ci, kuma irin wannan nuni yana iya kashe mutum. Ba banza ba surar ta bi maganar gwiwoyi da cewa a nemi zaman lafiya da kowa, a kuma lura kada wani tushen ɗaci ya tsiro ya ƙazantar da mutane da yawa. Ku shirya mu tun kafin mu hau mota. Ku koya mana yadda ake neman hakki ba tare da ramuwa ba, ku haramta wa kowane ɗan ikilisiya kai sunan wani don huce haushi, kuma wanda kayan wani ke hannunsa a cikinmu ya mayar.

Abu na ƙarshe. A gefen Khartum akwai kangon Soba, babban birnin Alwa, ɗaya daga cikin masarautun Kirista na Nubiya da suka yi ɗaruruwan shekaru a bakin Nilu. Wani firist ɗan Fotugal da ya zauna a Habasha wajajen 1520 ya rubuta cewa mutanen Nubiya sun aiko wa sarkin Habasha suna roƙon a ba su firistoci da za su koya musu, ba a ba su ba. Takobi ya yi nasa, amma rashin masu koyarwa ya taimaka wajen ƙarasa abin da ya rage. Mu ma yau fastocinmu da dama suna Masar, Juba ko gida Najeriya, kuma ba mu san ranar dawowarsu ba. A kowane gari da muke akwai samari da 'yan mata da suka riƙe addu'ar asuba a tanti ba wanda ya naɗa su. Ku zaɓe su, ku koya musu ko ta WhatsApp ne a ranar da intanet ta samu, ku ba su izini a fili su karanta Magana, su ziyarci marasa lafiya, su binne matattu. Ku sa mata a cikin masu rubuta sunayen rabon taimako, a kuma riƙa karanta lissafin a gaban kowa, da kason maƙwabtanmu Musulmi da 'yan'uwanmu Nuba a ciki.

Ina roƙon a karanta wannan wasiƙa a zaman dattawa na kowane gari, kuma a ba mu amsa ta bakin shugabannin zumuntar mata, musamman a kan maganar 'yan matan nan, don wasunsu sun kusa haihuwa.

Taku cikin Almasihu,
Ɗaya daga cikin matan zumunta, Gadarif